Muhawara: Idan Ɗalibi Ya Tambaya Ko Akwai Masu Rai a Wata Duniyar, Me Malamin Kimiyya Zai Yi?

Malamin kimiyya daga Jahun:
Assalamu alaikum, malamai abokan aiki. Ina so in kawo wata magana gaban wannan zaure domin mu tattauna ta a tsanake. A ƙaramar sakandare, duk lokacin da muka iso darasin rana da duniyoyin da suke kewaya ta, abin da akasarinmu muke yi shi ne mu zana da'irori a allo, mu jera sunaye takwas, yara su kwafa su haddace, a wuce gaba. Amma da wuya a tashi daga darasin ba tare da wani yaro ya ɗaga hannu ya tambaya ko akwai mutane ko wasu halittu a waɗancan duniyoyin ba, musamman yanzu da bidiyoyi iri-iri suke yawo a wayoyin yayyensu. Amsar da muka saba bayarwa ba ta wuce biyu ba: ko mu ce babu, ko mu ce wannan ba ya cikin manhaja. A ganina duka biyun asara ce. Har yau masana ba su gano mai rai ko ɗaya a wajen wannan duniya tamu ba, kuma ba su tabbatar da cewa babu ba. Wannan ne ya sa nake ganin babu tambayar da ta fi ta dacewa da koya wa yaro yadda ake bincike, domin ba shi da amsar da zai kwafo daga bayan littafi. Dole ya tsaya ya tambayi kansa mene ne mai rai, me yake buƙata, ta yaya za a gane shi daga nesa, kuma wace irin hujja ce za ta gamsar. Ina neman waɗanda suka taɓa gwada irin wannan koyarwa a makarantun karkara su faɗa mana yadda suka yi, waɗanda kuma suke ganin ba za ta yiwu ba su faɗi dalilinsu.

Mataimakin shugaban makaranta daga Sumaila:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni zan fara da ɓangaren masu ganin wahalar abin, domin ni ne nake duba littafin shirin darasi na malamai kowane mako. Darasi minti 40 ne, kuma ajinmu ɗaya ya haura yara 100, rabinsu a ƙasa suke zaune. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, ba mu da wutar lantarki, littafin karatu kuwa sai a hannun malami. A ƙarshen aji uku yaran nan za su zauna jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, inda za a tambaye su wace duniya ce ta fi kusa da rana da kuma me yake kawo dare da yini. Babu wanda zai tambaye su ra'ayinsu game da halittun sama. Idan malami ya ɓatar da mako biyu a kan tambayar da shi kansa ya ce ba ta da amsa, da wane lokaci zai gama manhajar zangon? Ba ina raina tunanin ba ne, amma iyayen da suka bar yaro ya zo makaranta maimakon gona ko kiwo sakamako suke so su gani.

Malamar kimiyya daga Ringim:
Ranka ya daɗe, damuwarka gaskiya ce, sai dai ina so in nuna cewa darasin da ake magana a kai yana cikin manhaja, ba a gefenta yake ba. Siffofin masu rai da marasa rai darasi ne na aji ɗaya, kuma a nan nake shigar da shi. Kayan da nake amfani da su duk a kasuwar ƙauye ake samun su: yashi, sukari, yis irin wanda ake sa wa ƙullun waina, gishirin Andurus, gorunan ruwa da aka sha aka yar, da balan-balan.

Tun a gida nake haɗa samfuri uku. Na farko yashi ne da sukari kawai, na biyu yashi da sukari da yis, na uku yashi da sukari da garin gishirin Andurus. A ido dukansu yashi ne. Sai in gaya wa yara cewa su ɗauka wani kumbo ne ya ɗebo wannan ƙasa daga wurare uku a wata duniya, aikinsu shi ne su gano ko akwai mai rai a ciki. Ba na gaya musu abin da za su yi. Sukan fara da dubawa da shinshinawa, su ga babu abin da yake motsi, daga nan sai wani ya ce a zuba ruwa, domin ɗan manomi ya san iri ba ya nuna yana da rai sai ya sha ruwa. Idan aka zuba ruwa mai ɗumi aka rufe bakin gora da balan-balan, samfuri na uku nan take yake tafasa da kumfa, balan-balan ya miƙe, aji ya ɗauki hayaniya cewa an samu mai rai. Na biyu kuwa shiru yake yi da farko, sai bayan wasu mintuna ya fara kumfa a hankali, ya ci gaba har a tashi daga makaranta, alhali na uku ya daɗe da mutuwa. A nan muhawarar gaske take farawa: wanne ne mai rai, mai gaggawar da ya tsaya, ko mai jinkirin da ya ɗore? Me za a ƙara yi don a raba gardama? Yara da kansu suke kawo shawarar a ƙara sukari a ga wanda zai farfaɗo, ko a zuba tafasasshen ruwa a sabon samfuri a ga wanda zafi zai kashe.

Bayan sun gama nake ba su labarin cewa masana sun taɓa shiga irin wannan ruɗani. A 1976 Amurka ta saukar da kumbo biyu masu suna Viking a duniyar Mirrihi, wadda ake kira Mas. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajensu ya ɗiga ruwa mai abinci a kan ƙasar wurin, sai iska ta fito kamar wani abu yana ci yana numfashi, kuma da aka gasa ƙasar kafin a ɗiga ruwan, iskar ba ta fito ba. Amma wata na'urar a cikin kumbon ba ta samu sinadaran da ake gina jikin masu rai da su ba. Mafi yawan masana suka tafi a kan cewa sinadaran ƙasar ne suka yi aikin, mutumin da ya tsara gwajin kuwa bai sauka daga ra'ayinsa na cewa rai ne ba har ya rasu. Yaron da ya ga gishirin Andurus ya yaudare shi da idonsa yana fahimtar wannan labari fiye da yadda dogon bayani zai fahimtar da shi, kuma siffofin masu rai da za a tambaye shi a jarrabawa sun zauna masa.

Mataimakin shugaban makaranta daga Sumaila:
Malama, gora nawa kike tanada wa yara ɗari, kuma wa yake biyan kuɗin yis da sukari?

Malamar kimiyya daga Ringim:
Rukuni-rukuni nake raba su, ranka ya daɗe, kowane rukuni gora uku, kuma yaran ne suke tsinto gorunan. Ƙaramin ƙullin yis ɗaya yana isar aji gaba ɗaya. Daga aljihuna nake saye, kuma ban ce hakan daidai ne ba, kamata ya yi makaranta ta ɗauki wannan ɗan nauyin. A waje muke yi, a inuwar darbejiya, a ranar da nake da darasi biyu a jere.

Malamin darasin addini daga Gaya:
Ina yi wa kowa sallama. Ni ba malamin kimiyya ba ne, amma tambayoyin da kuke tayarwa a ajinku wurina suke ƙarewa, shi ya sa nake bibiyar wannan zaure. Ina so ku yi la'akari da inda muke. Yaro zai koma gida ya ce malam ya ce akwai mutane a sama, ko da ba haka malamin ya faɗa ba, kafin la'asar maganar ta kai majalisar ƙofar masallaci, washegari uba ya hana shi zuwa. Mun san irin wahalar da aka sha kafin wasu gidaje su yarda da boko, bai kamata mu ba da ƙofar da za a ce makaranta tana koyar da abin da ya saɓa wa aƙida ba.

Tare da haka, ban ga inda addini ya hana tambayar ba. Umarni da duban sammai da ƙasa da yin tunani a kansu ya zo a wurare da yawa, kuma aya ta 29 a Suratus Shura ta ambaci halittar sammai da ƙasa da abin da Allah ya watsa a cikinsu na dabba, malaman tafsiri kuma sun yi bayanai daban-daban a kan abin da ake nufi. Roƙona ga malamin kimiyya shi ne kada ya mai da kansa mai fatawa, kada kuma ya ja aya ya ce ta tabbatar da abin da wani kumbo ya gano, domin binciken yau gobe yana iya sauyawa. Ya tsaya a kan abin da aka auna. Idan yaro ya kawo maganar aljanu da mala'iku, a gaya masa da ladabi cewa wannan gaibu ne da muka sani ta hanyar wahayi, ba abin da ake nema da gora da balan-balan ba ne, ya zo wurinmu mu yi masa bayani.

Malamin kimiyya daga Jahun:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi wannan sharaɗi hannu biyu. Ina ma ganin yana taimakon darasin, domin abu na farko da ya kamata mai bincike ya sani shi ne irin tambayar da kayan aikinsa za su iya amsawa da wadda ba za su iya ba. Abin da masana suke nema a Mirrihi ma ba mutane ba ne. Motar Perseverance da ta sauka a can a watan Fabrairun 2021 tana yawo ne a wani kwari da ake kira Jezero, inda alamu suka nuna tafki ya taɓa kwanciya shekaru biliyoyi da suka wuce, tana haƙo duwatsu don a duba ko ƙananan halittun da ido ba ya gani sun bar alama. Idan yaro ya fahimci wannan, labarin da zai kai gida ma zai sauya.

Tsohon malami mai ritaya daga Birnin Kudu:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina so in ja hankalinku ga wata dukiya da kuke da ita wadda makarantun birni ba su da ita, wato duhun dare. Yaron cikin Kano fitilu da ƙura sun rufe masa sama, yaron ƙauye kuwa yana kwana a tsakar gida lokacin bazara taurari suna kansa. Ya san Kaza da 'Ya'yanta, ya san Zara matar wata da take fitowa bayan magariba, ya san Gamzaki na asuba. Kafin ku kai shi Mirrihi, ku fara da waɗannan. Ku sa shi ya lura har tsawon watanni ko akwai lokacin da ake ganin Zara da yamma kuma a ga Gamzaki da asubar wannan daren yana haske irin nata. Idan ya ga duk lokacin da ɗaya take nan ɗayan ba ya nan, ya kama hanyar gano cewa abu ɗaya ne, duniyar Zuhura, wadda take tsakaninmu da rana, shi ya sa ba ta yin nisa da ita. Daga nan sai ku tambaye shi ko za a iya rayuwa a kanta, ku ba shi adadin zafinta, wanda ya haura digiri 460, ya yanke hukunci da kansa.

Haka wata. Kowane gida a nan yana lissafin kwanan wata saboda azumi da salla. Ku sa yara su zana siffarsa da inda yake tsaye kullum bayan magariba daga tsayuwarsa har ya cika. Su da kansu za su ga yana matsawa gabas kowane dare, kuma ɓangaren da yake haske kullum yana fuskantar inda rana ta faɗi. Zagayen yana ɗaukar kimanin kwana 29 da rabi, wata 12 ya ba da kwana 354, shi ya sa azumi yake matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Wanda ya gano wannan da fensirinsa ba zai manta ba.

Akwai kuma abu biyu na tarihin yankinmu da nake mamakin yadda ba a koyar da su. Na farko husufin ranar Laraba 29 ga Maris 2006, lokacin da gari ya yi duhu da hantsi a Gusau da Katsina, mu ma nan rana ta kusa rufewa gaba ɗaya. Iyayen ɗalibanku sun shaida shi, a tura yara su tambayo su abin da suka gani, sannan a tambaye su yadda aka yi masana suka sanar da ranar da sa'ar tun kafin ya faru. Na biyu, a ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo daga sama kusa da wani manomi a gonarsa a Zagami, cikin ƙasar Katsina. Daga baya bincike ya nuna daga Mirrihi ya fito, domin iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da iskar da kumbon Viking ya auna a can, wannan kumbon da 'yata ta Ringim ta ambata. Wato guntun wata duniya ya sauka a gonar Bahaushe, kuma a duk faɗin duniya masana da sunan ƙauyen suke kiransa. Ku ba yara labarin, amma ku tsaya kafin ƙarshe ku tambaye su: idan aka kawo muku dutse aka ce daga Mirrihi yake, me za ku nema kafin ku yarda?

Malamin lissafi daga Dambatta:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, wannan labari na Zagami ya isa darasi guda. Ni gudummawata ta ɓangaren nisa ce, domin zanen da muke yi a allo yana sa yaro ya ɗauka duniyoyin nan maƙwabtan juna ne. Faɗin rana ya ninka na duniyarmu sau 109, nisanta kuma kimanin kilomita miliyan 150 ne. Idan muka ɗauki ƙwallon ƙafa mai faɗin santimita 22 a matsayin rana, duniyarmu za ta zama milimita 2, wato ƙwayar gero, kuma za a ajiye ta a nisan mita 24 daga ƙwallon. Wata yana santimita 6 kacal daga ƙwayar geron, kuma nan ne iyakar inda ƙafar ɗan'adam ta taɓa kaiwa. Mushtari, babbar cikinsu, za ta zama kamar ɗan kanya a nisan mita 123. Ta takwas, Naftun, sai an yi tafiyar mita 700 da 'yan kai, an fita daga filin makaranta an shiga gonaki.

Ba na ba su waɗannan alƙaluma. Ina ba su ainihin girma da nisa, su yi rabawar da kansu, wanda shi ne darasin ma'auni da rabo da yake cikin manhajar lissafi. Kafin su lissafa nakan sa kowane rukuni ya yi hasashen inda zai ajiye ƙwayar geron, kusan duka a taku biyu ko uku suke ajiye ta. Tambaya ta ƙarshe ita ce ina za a ajiye tauraron da ya fi kusa da rana, wanda haskensa yake shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso mu. A wannan ma'auni amsar ta haura kilomita 6,000, kusan ninki biyu na nisan Kano zuwa Makka. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana gudun kimanin kilomita 17 a daƙiƙa, amma zai buƙaci fiye da shekara 70,000 kafin ya ci irin wannan nisa. Bayan wannan lissafi, idan aka nuna wa yaro bidiyon da aka ce baƙi daga taurari sun sauka a wani gari, shi da kansa zai fara tambayar ta yaya suka iso.

Mataimakin shugaban makaranta daga Sumaila:
Na ga amfanin abin da Malama da Malamin lissafi suka kawo, tunda dukansu sun ɗaure shi da manhaja. Amma ga wata matsalar da ba a taɓo ba. Idan aka bar yara su gano da kansu, wani lokaci ƙarya suke ganowa. Rukuni zai iya tashi yana da yaƙinin cewa gishirin Andurus yana da rai, ko cewa inuwar duniya ce take rage wata kowane dare, a kaɗa ƙararrawa su tafi da wannan. A aji mai yara ɗari malami ba zai iya bin kowane rukuni ba. Haddar da muke kushewa aƙalla daidai take shiga kai. Sannan ba kowane malami ne yake da ilimin da zai iya riƙe irin wannan tattaunawa ba, da yawa daga masu koyar da kimiyya a ƙauyuka ba ita suka karanta ba.

Malamar kimiyya daga Ringim:
Wannan ita ce suka mafi ƙarfi da aka kawo, ranka ya daɗe, kuma ba zan ce ta kau gaba ɗaya ba. Koyarwa ta hanyar bincike ba sakin yara ba ce. Malami ne yake zaɓen tambaya, shi yake tanadar kaya, kuma wajibi ne ya ware mintunan ƙarshe ya tattara abin da aka samu, ya gyara kuskure a fili, ya rubuta matsayar a allo su kwafa. Abin da nake yi don kada rukuni ya ɓace mini shi ne kowane yaro ya raba shafinsa gida uku: abin da na gani da idona, abin da nake zato, da abin da na ji an faɗa. “Kumfa ta fito” gani ne. “Yana da rai” zato ne. “An ce akwai mutane a wata” ji ne. Idan na karɓi littattafai, da kallo ɗaya nake gane wanda ya cakuɗa su. Game da malamin da bai karanci kimiyya ba kuwa, ina ganin ya fi sauƙi a gare shi ya jagoranci gwajin da ya riga ya yi a gida da hannunsa fiye da ya yi bayanin abin da shi ma haddace shi ya yi.

Ina kuma da gyara kaɗan a kan shawarar Baba, tare da girmamawa. Kallon dare yana yi wa maza sauƙi, amma yarinya bayan magariba tana wurin girki ko makarantar dare, kuma ba kowane gida ne zai bar ta ta fita fili ba. Mafita ita ce watan safe. Daga wajen 18 zuwa 23 ga watan Musulunci ana ganinsa a sama lokacin taron safe. A ba yarinya lemo ta ɗaga shi saitin watan tana tsaye a rana, za ta ga hasken da ya kwanta a kan lemon siffarsa ɗaya da ta watan. Wannan kaɗai yana rushe zaton inuwar duniya da Mataimakin shugaban makaranta ya ambata, kuma a harabar makaranta ake yin sa.

Tsohon malami mai ritaya daga Birnin Kudu:
Gyaranki ya yi, 'yata. A haɗa biyun, wanda ya samu dare ya zana na dare, a kawo a jera da na safe.

Malami mai hidimar ƙasa a Kazaure:
Ina gaida iyayena da yayyena. Ilimin fiziks na karanta, kuma ina so in ƙara abin da ya faru a shekarun nan, domin littattafan da muke koyarwa da su sun tsaya a duniyoyi takwas. A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz na ƙasar Suwizalan suka gano duniya ta farko da take kewaya wani tauraro irin ranarmu, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2019. Zuwa 2022 adadin irin waɗannan duniyoyi da aka tabbatar ya haura 5,000. Mafi yawansu ba a gan su da ido ba. Ana auna hasken tauraro ne, idan duniya ta gitta ta gabansa sai hasken ya ɗan ragu, idan raguwar tana maimaituwa a kan lokaci sai a san tsawon shekararta, zurfin raguwar kuma ya nuna girmanta. Mai girman Mushtari tana rage hasken tauraro irin rana da kashi 1 cikin 100 ne kawai. Ana iya kwaikwayon wannan a aji da tocila da ƙwallayen yumɓu masu girma daban-daban a ɗaure da zare, wasu yara su juya baya suna kallon hasken a bango, su faɗi lokacin da abu ya gitta da kuma ko babba ne ko ƙarami. Darasin da yake ciki shi ne ana iya sanin abu ta hanyar tasirinsa ko da ba a gan shi ba, kuma ana iya yin kuskure, shi ya sa ake jiran maimaituwa.

Abin da ya fi damuna shi ne bidiyoyin ƙarya, waɗanda yanzu ake haɗa su da kwamfuta cikin minti kaɗan. A gefe guda kuma akwai manya da suke cewa zuwa wata ma ƙarya ce. Ni ba na ce wa yaro ya yarda don na faɗa. Ina ba shi abin da ake da shi: mutum 12 sun taka wata tsakanin 1969 da 1972, sun dawo da duwatsu kilo 382 da masanan ƙasashe da yawa suka bincika, sun bar madubai da har yau ake harba musu haske daga ƙasa yana dawowa, Tarayyar Sobiyet da take gasa da Amurka a lokacin ba ta ƙaryata ba, Sin ma ta ɗebo ƙasar wata da na'ura a 2020. Sai in ce ya jera hujjar bidiyon wayarsa a gefe: wa ya ɗauka, a ina, yaushe, wa ya sake gani? Ma'auni ɗaya za a yi wa duka biyun. Yana da kyau kuma su san Najeriya tana da hukumar binciken sararin samaniya tun 1999, kuma an harba tauraron ɗan'adam ɗinta na farko a 2003, domin kada su ɗauka wannan fage na wasu ne kawai.

Malamin darasin addini daga Gaya:
Tsarin gida uku na Malama ya kwanta mini, domin tantance mai ba da labari kafin a karɓi labarinsa abu ne da malaman hadisi suka gina ilimi guda a kansa, kuma iyaye za su gane shi idan aka yi musu bayani ta wannan fuska. Ina da shawarar da za ta jawo su cikin aikin. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla, inuwar sandar da aka kafa a miƙe kuma tana nuna kishiyarta. A gayyaci liman da mai unguwa da shugaban ƙungiyar iyaye, yara su kafa sanda su ja layi, sannan a tambaye su dalilin da ya sa hakan yake faruwa a waɗannan ranaku kawai. Uban da ya ga ɗansa ya fitar da alƙibla da sanda da agogo ba zai yi saurin gaskata cewa darasin sama ɓata tarbiyya ne ba.

Malamin lissafi daga Dambatta:
Allah ya saka da alheri, Malam. Mu ma muna da namu ranakun, domin Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, don haka wajen 21 ga Afrilu da 21 ga Agusta rana tana bi ta saman kanmu, inuwar sanda ta ɓace da tsakar rana. Sai dai ina roƙon duk wanda zai yi ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ya gargaɗi yara da babbar murya cewa inuwa ake kallo, ba rana ba. Baƙin tabarau, gilashin da aka shafa wa hayaƙi da ruwa a kwano duk ba sa kare ido, kuma lahanin ba ya zuwa da zafin da zai sa yaro ya kau da kai.

Malamin kimiyya daga Jahun:
Ranka ya daɗe na Sumaila, kai ne ka fi kowa riƙe mu da tambaya, kuma kai ne kake da ikon jadawali a makarantarku. Me za ka iya bayarwa?

Mataimakin shugaban makaranta daga Sumaila:
Zan iya ba da darasi biyu a jere sau biyu a zango na uku ga aji ɗaya, ɗaya don gwajin yis, ɗaya don awon fili tare da malamin lissafi, kuma zan nemi shugaban makaranta ya fitar da kuɗin kayan. Aikin alƙibla na watan Mayu zan kai shi gaban ƙungiyar iyaye tukuna, na Yuli ya yi kusa da jarrabawa. Aji uku ban yarda a taɓa lokacinsu ba. Sharaɗina shi ne ajin da aka yi wa wannan da ajin da aka koyar yadda aka saba su amsa tambayoyi iri ɗaya a ƙarshen zango, in duba makinsu da kaina, domin har yanzu ban gamsu cewa ba za a rasa wani abu a manhaja ba. Malama ta Ringim, ina roƙon ki turo mana adadin yis da sukari da yashin da kike sa wa kowace gora, da irin ɗumin ruwan, domin malaminmu ya gwada a gida kafin ya shiga aji.